Wayar da Ta Yi Ƙara a Gidan Makoki

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyar labarina. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta ce wai ita ba ta yarda akwai garin da za a yi wata da watanni ba a buga waya ba a wannan zamani. 'Yar uwa, Allah Ya bar ki da rashin yardarki. Mu mun gani da idonmu, kuma ba na yi wa ko maƙiyina fatan ya gani.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Rahama, 'yar Malam Bawa mai sayar da wake a kasuwar Jibiya. Abin da zan ba ku ya faru ne a shekarar da hukuma ta datse sabis ɗin waya a yankinmu saboda ɓarayin daji. An ce da waya ake tsegunta musu wanda ya sayar da shanu da wanda ya kama hanya, don haka aka kashe na kowa. Dogayen ƙarafan sabis suna nan tsaye a inda suke, amma kira ba ya shiga ba ya fita. Wayoyin mutane suka koma tocila da rediyo. Masu cire kuɗi da kati suka naɗe lemarsu. In kana son ka ji lafiyar ɗanka da ke Legas, sai ka shiga mota ka nufi Katsina, ka yi magana ka dawo, in hanya ta bar ka ka dawo ke nan.

Sai dai mu a bakin iyaka muke. Sabis ɗin Nijar bai san an yi doka ba, yana tsallakowa abinsa. Duk wanda ke da layin can, in ya matsa wajen Magama, ko ya dace da wani lungu mai sa'a a cikin gari, sai ya ga sanda ɗaya ko biyu sun hau kan wayarsa. Da farko har layi ake yi a bayan mai irin wannan waya. Daga baya magana ta juya. Aka fara cewa ai da layin Nijar infoma ke magana da mutanen daji, 'yan sa-kai suka shiga laluben aljihun mutane a tasha da kasuwa. Wanda aka kama da shi, wani ya dawo da ɗingishi, wani har yau ana jiran dawowarsa. Masu layin ba su ƙare ba, amma kowa ya ɓoye nasa, ba mai yarda yana da shi.

Ni ina da shi. Badaruddeen ne ya ba ni.

Badaru mutumin Maraɗi ne, direban wata tsohuwar akori-kura da ke ɗauko albasa da dabino ta iyaka, ta koma da abin da ya samu. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, ga kunya kamar sabuwar amarya. Mutumin da ke faɗa da 'yan kamasho a tasha har jijiyar wuyansa ta tashi, amma in ya hango dattawa zaune a ƙofar gidanmu sai ya wuce kamar ba nan ya nufa ba, ya yi ta zagaye unguwa. Baba bai ƙi shi ba, bai kuma karɓe shi ba. Cewa ya yi kada ya sake ganin ƙafarsa a zaure sai ya turo magabatansa, su kuwa magabatan tsoron hanya ya hana su zuwa. Inna ce ta fi zafi. Kullum maganarta ɗaya: direba ba shi da gari, kuma wanda ba a san kabarin kakansa ba, ba a ba shi 'ya.

Da aka datse sabis ya zo mini da wata ƙaramar baƙar waya mai maɓallai, a naɗe cikin leda tare da kwalbar turare.

"Ki ɓoye ta," in ji shi. "Rezo na can ba ya mutuwa. In kin matsa bayan gidanku wajen katanga, za ki samu."

Rezo shi ne sabis a bakinsu. Na karɓa ina murna kamar an ba ni kujerar Makka.

Shi fa Badaru ba ya gajiya da zancen waya. Wai ya ji a rediyo akwai taurarin ɗan adam da ake ta harbawa sama, ƙanana, masu yawa, suna wucewa ta kanmu dare da rana, kuma nan gaba wani ɗan faranti kawai za ka ɗora bisa rufin shago ya riƙa jawo maka intanet daga can, babu ruwanka da ƙarfen sabis, babu mai datse maka. Wai in ya tara jari shi zai fara kawo shi Jibiya. Nakan ce masa ya fara sayen katifa tukuna, taurari sa jira. Sai ya yi dariya har wushiryar ta fito. Wallahi ina son wannan bawan Allah, ba zan ɓoye muku ba.

Haka muka ci gaba. Ina ɗaukar wanki in yi bayan ɗaki kamar zan yi shanya, in tsaya jikin katanga in ɗaga wayar sama har saƙonsa ya faɗo. In Baba ya fita kasuwa ko gona, dattawan ƙofar gida kuma sun watse, sai in yi masa filashin, wanda shi yake kira bip, ya zo mu gaisa a tsaye a bakin zaure, ya wuce. Abin da ke tsakaninmu ke nan, Allah ne shaidata.

Sai aka kashe Abbas.

Abbas ɗan Gwaggo Fatu ne, ƙanwar Baba da ke aure a Magama. Yaro ne mai neman na kansa, ya sayar da amfanin gonarsa ya kama hanyar Daddara da safe a kan mashin, aka tare shi. Ba su ma tafi da shi ba. Waɗanda suka ɗauko shi sun ce daga gani jiransa ake yi, wani ne ya faɗi lokacin fitarsa da hanyar da zai bi. Wannan magana ta shiga kunnen yayansa Rabe, wanda dama shi ke jan ragamar 'yan sa-kai na unguwarsu, ta zauna.

Ranar sadakar uku muka tafi Magama da Inna tun da hantsi, Baba ya riga mu. Na sa atamfata mai ruwan ƙasa, na zura dogon hijabi toka-toka har ƙasa, ko kwalli ban sa ba. Wayar kuwa tana cikin ɗan aljihun da na ɗinka a siket ɗina na ciki, inda take kwana take tashi, don ban yarda in bar ta a ɗaki Inna ta yi shara ta ci karo da ita ba. Ban kashe ta ba. Ban cire mata ƙara ba. Ku da ke garuruwan da waya ke aiki kun saba, kafin ku shiga masallaci ko gidan rasuwa hannunku da kansa yake zuwa aljihu. Mu mun manta da wannan. Wa zai tsaya kashe abin da ya riga ya mutu? A gidanmu sai na je jikin katanga na yi ta ɗaga hannu take kamawa. Sam bai zo mini a rai ba cewa gidan Gwaggo yana ƙarshen Magama, inda in ka leƙa ta kan danga kana hango motocin da ke jiran duwan, wato kwastan ɗin Nijar.

Tsakar gidan cike yake da mata, an shimfiɗa tabarmi har bakin madafa. An kawo gumba a ƙwarya ana rabawa. Gwaggo Fatu na zaune a ƙofar ɗakinta, an yafa mata farin mayafi, carbi a hannu, idanunta sun kumbura har ba ta iya buɗe su sosai. Daga waje ana jin muryar liman yana addu'a, mata suka ɗaga hannu, gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai amin ƙasa-ƙasa.

A cikin wannan shirun wayar ta fashe da waƙa.

Waƙar soyayya ce, mai kiɗa, wadda Badaru ya sa mata da hannunsa. Daga ƙarƙashin hijabina take fitowa. Na daskare. Na danna hannu a kan cinyata ina laluben aljihun, ga hijabi, ga zane, ga siket, ita kuwa tana ta rerawa. Kafin in kai gare ta babu matar da ba ta juyo ba. Mutanen da suka yi watanni ba su ji ƙarar waya ba, kun san yadda za ta shiga kunnensu.

"Wayar wa ke kuka?" wata tsohuwa ta tambaya.

Inna ta dube ni. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, kamar an zuƙe mata jini.

"Rahama," ta ce a hankali, "mi ne ne wanga?"

Magana ta riga ta fita waje. Ana shafa addu'a sai ga Yaya Rabe ya shigo ba sallama, da jar hularsa ta 'yan sa-kai da layu a damtse, mutum biyu a bayansa, Baba na biye da su yana gyara babbar riga. Yaya Rabe fa taubashina ne. Tun ina yarinya yake ce mini matarsa, yana ƙwace mini kuɗin kashewa ranar sallah, ina jifansa da takalmi. Ranar ko alamar ya san ni babu a idonsa.

Ya miƙo hannu. "Kawo."

Na ba shi. Ya juya ta, ya dubi lambar da ta kira, ya ɗago.

"Layin Nijar. Wa ya ba ki?"

Na dubi Inna.

"Ke nike tambaya. Wa ya ba ki?"

"Ki hwaɗa mashi mana, don ubanki!" Inna ta daka mini tsawa. "Wanga direban ne, Rabe. Na sha hwaɗa mata ta rabu da shi."

Da ya tsaya nan da da sauƙi. Sai ya shiga akwatin saƙo, ya fara karantawa da ƙarfi a gaban kowa, yana jan kowace kalma.

"'Su nawa ne ƙohwar gida?'" Ya dubi mutane. "Ta ce, 'Su biyar, har da mai unguwa.' Ya ce, 'In sun watse yi mani bip.'" Ya danna ƙasa. "'Akwai mutane bisa hanya?' Ta ce, 'Babu kowa yanzu.'"

Jama'a, ni na rubuta waɗannan kalmomi, na san abin da nake nufi da su, amma da na ji su a bakin Yaya Rabe a gidan da ake makokin Abbas, ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Duk budurwar da aka taɓa zuwa zance wurinta a ɓoye ta san irin wannan saƙo. Na waiga ina neman wadda za ta ce haka ne, ita ma an yi mata. Duk suka sunkuyar da kai, har da waɗanda na san sirrinsu.

"Yaya Rabe, wallahi zance ne kawai. Kunyar dattawa yake ji, shi ya sa yake tambaya in sun tashi."

Bai ko kalle ni ba. Yatsansa ya tsaya a kan wani saƙo, ya daɗe yana dubansa. Da ya buɗe baki muryarsa ta sauka ƙasa.

"Wanga na ranar Talata ne da sahe. Ya ce, 'Ya hita? Wace hanya ya bi?' Ta ce, 'Ya fita tun ɗazu, ya yi hanyar Daddara.'"

Ranar Talata aka kashe Abbas.

Gwaggo Fatu ta saki wata irin ƙara da har yau ban manta da ita ba. Ta yunƙura za ta taso aka riƙe ta. "Ɗiyar ɗan uwana! Ke na goya, Rahama! Ke na goya bayana!"

"Baba nake nufi!" Na faɗi a gwiwa ina kuka. "Gwaggo, wallahi tallahi Baba nake nufi! Ranar ya je gonarsa ta hanyar Daddara, Badaru na tsoron su haɗu a hanya ne. Baba, ka gaya musu!"

Baba ya share gumi da hannun riga. "Gaskiya ne, Rabe. Ranar na tahi gona, ta nan na bi."

"Kawu, kai ka bi ka dawo," in ji Yaya Rabe. "Abbas ya bi bai dawo ba. Saƙon nan kuwa babu sunan kowa cikinshi."

Na juya wurin Baba. Na ga yadda idonsa ke yawo a kan mutanen da suka cika ƙofa, maƙwabtan Gwaggo, abokan Abbas, samari masu gora a hannu. A lokacin nan in aka ce gidan wane gidan infoma ne, ba a jiran alƙali. Mun ga gidan da aka cinna wa wuta a kan abin da bai kai wannan ba.

Yaya Rabe ya miƙo mini wayar.

"In zance ne, shi zo shi hwaɗa da bakinshi. Yi mashi abin da kin saba. Filashin guda."

Na gane nufinsa sarai. Filashin ɗina a wurin Badaru ma'anarsa ɗaya ce, taho babu kowa. Yanzun nan ya kira ni, ke nan yana kusa, wataƙila yana layin duwan da lodin albasa. Zai taho da fara'arsa, ya faɗa hannun mutanen da ɗan uwansu bai yi kwana huɗu a ƙasa ba. Baƙo ne, ba shi da kowa a Magama da zai tsaya masa. In suka ce za su kai shi bayan gari su yi masa tambayoyi, na san irin tambayoyin.

"Ba zan iya ba," na ce.

Inna ta rarrafo ta kama kafaɗata, farcenta har cikin namana. Ta sa baki a kunnena. "Ki latsa, Rahama. Ki dubi ubanki. Ki dubi ƙannenki da ke gida. In ba shi da laihi Allah zai hidda shi. In kin ƙi, mu za a ɗauka madadinshi."

"Inna, kashe shi za su yi."

"To mu a kashe mu? Don wani baren da ko sadaki bai kawo ba?"

Na dubi Baba. Shi nake jira ya ce a kai magana wurin hakimi ko wurin 'yan sanda, ya ce wani abu dai irin na uba. Ya kawar da kai ya dubi bango.

"Yi abin da yayanki ya ce," ya faɗa.

Ban taɓa jin na tsani garinmu ba sai ranar. Na tsani dokar da ta kashe mana waya, na tsani mutanen dajin da suka jawo ta, na tsani sandunan nan uku da suka cika fuskar wayar ƙyam a gidan Gwaggo, alhali a gidanmu sai na yi roƙo ake ba ni ɗaya.

Na karɓi wayar. Na share hawaye da gefen hijabi. Wata dabara ta faɗo mini, irin wadda ke zuwa wa mutum in ya rasa mafita, a lokacin kuwa gani na yi babu wadda ta fi ta. Na danna lambarsa. Ta yi ƙara sau ɗaya, inda ya kamata in katse. Ban katse ba. Yaya Rabe ya yunƙuro, amma Badaru ya riga ya ɗauka.

"Rahama? Yau ke da kanki? Lahiya dai?" Ana jin ƙugin manyan motoci a bayansa, yana dariya.

Na tattaro duk muguntar da ban taɓa sanin ina da ita ba.

"Badaru, saurara da kyau. Na fasa. Ba na son ka, dama ban taɓa son ka ba. An ba da ni ga wani. Kada ka sake zuwa inda nake, kada ka sake tsallako iyakar nan saboda ni. Ka juya ka koma garinku yanzun nan."

Ƙaramar waya ce mai amo, kowa na jin numfashinsa. Ina ta addu'a a raina, ya Allah Ka sa ya yi zuciya, ya zage ni, ya kashe wayar, ya juya motarsa. Namiji ne, wace irin magana ce ta fi wannan zafi?

"Muryarki na rawa," ya ce. Dariyar ta tafi. "Wa ya sa ki? Inna ce?"

"Babu wanda ya sa ni. Ka tafi kawai."

"Kina ina? Rezo ya yi kyau haka, ba gida kike ba. Magama kike, gidan rasuwa. Dama don shi na kira, in ji ko ya dace in shigo in yi ma Gwaggo gaisuwa. Ga ni nan bakin duwan, sun kusa sallamata. In kin hwasa, Rahama, ki hwaɗa mani ina kallon idonki, sannan in yarda. Ga ni nan tahe."

"Badaru, kada ka..."

Yaya Rabe ya fizge wayar ya katse. Ya ɓalle bayanta, ya zare batir, ya jefa duka a aljihun rigarsa. Na yi kansa ina ihu, mata suka danne ni. Ya tsaya yana kallona daga sama, ya gyaɗa kai.

"Kin hi filashin aiki," ya ce.

Ya juya wurin mutanensa ya yi musu magana ƙasa-ƙasa. Biyu suka fita ta ƙofar baya. Sauran samarin suka jingine gorunansu a bayan ƙyaure inda mai shigowa ba zai gani ba, suka koma cikin masu zaman makoki suka zauna, suka ɗauki carbi. Ya ce kada macen da ta fita, kada wanda ya ɗaga murya. Baba ya bi bango ya sulale ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa, bai sake duban inda nake ba.

Daga nan Yaya Rabe ya leƙo daga zaure ya ce wurin ya cika, a kawo wata tabarma, akwai baƙon da ke tafe daga nesa.

Babu wadda ta motsa. Sai Gwaggo Fatu ta ɗago kumburarrun idanunta ta nuna ni da carbi.

"Ita za ta kai," ta ce. "Baƙonta ne."